Kafin mu zagi roba, a duba yadda aka ɗaure ta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatanka, dan Allah ka ɗan tsakura min fili, nasan wasiƙar nan tayi tsawo kuma ba maganar siyasa bace ba ta tsadar kayan masarufi ba, maganar wata 'yar roba ce da bata kai girman kofin shayi ba, amma ita ta hanani sakat kusan wata bakwai, har ta sa naje na ci mutuncin bawan Allahn da bai ji ba bai gani ba. Bushin ƙafar gaba ta mota nake nufi, robar da ke zaune a inda ƙarfen da ke riƙe da taya ya haɗu da jikin mota.

Inada wata tsohuwar Fijo 504, amma ba irin wadda kowa ya sani ba mai ƙofa huɗu, ko wagon ɗin nan da aka sha jigilar Kaduna zuwa Kano da ita. Tawa mai ƙofa biyu ce, wadda Faransawa ke cewa Coupé, gajeriya ce ƙasa-ƙasa, fitilunta na gaba guda huɗu masu kusurwa, ƙirar 1973, fulogi huɗu. Gadonta nayi wurin mahaifina Allah ya jiƙansa, shi kuma hannun wani Bature ya saya da zai koma ƙasarsu lokacin ina ɗan firamare. Irinta ba'a haɗa a Kaduna ba. Kamfanin Fijo na Kakuri da ya fara fitar da motoci a 1975 masu ƙofa huɗu yayi ta yi da wagon da akori-kura, har wajen 2006 yana yin 504 bayan su Faransawan kansu sun daɗe da dainawa. Ita kuwa mai ƙofa biyun a Geneva aka fara nuna ta a 1969, Pininfarina na Italiya su suka zana ta suka ƙera bodin, aka daina yinta a 1983. Kuma ba motar ado bace kawai, mai fulogi shida ɗinta ce Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya da ita a 1978, bayan 'yar'uwarta mai ƙofa huɗu ta ci a 1975 a hannun Ove Andersson. Na kawo wannan ne dan a gane cewa ƙafar motar nan ba raguwa bace, an gwada ta a hanyoyin da suka fi namu muni, in tana cin bushin duk wata uku to da walakin.

Abin ya fara ne da ƙara. In na hau gargada sai inji ƙwas-ƙwas daga ƙasan ƙafata ta hagu kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar langa-langa, daga nan sai sitiyari ya fara yawo, kana kan kwalta miƙaƙƙiya amma kullum kana gyara mata hanya kamar mai kora akuya zuwa kasuwa. Wanda ya tsorata ni shine ranar da na taka birki da ɗan ƙarfi a hanyar Zariya saboda wani mai babur da ya faɗo min, motar ta fizge zuwa hagu sai da na riƙe sitiyari da hannu biyu, ina salati. Da na tsaya na duba tayar gaba sai naga gefen ciki ya cinye sumul, na waje kuma da sauran zanensa. To dama robobin tun na zamanin mahaifina ne, ba abin mamaki, roba ko ba'a hawa motar tsufa take, ta bushe ta tsattsage.

Na kai ta wani gareji kusa da unguwarmu, bazan faɗi suna ba dan ba tonon silili nazo yi ba. Yaro ne mai kuzari, ya ɗaga mota da jak ya tokare da dutse, tayoyin gaba duka biyu suna lilo a sama, ya kwance lowa am, wato hannun ƙarfe na ƙasa da ke riƙe da tayar gaba, ya zuba wa tsohon bushin fetur ya kyasta ashana, hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe wurin har robar ta narke ta faɗo, ya shafa wa sabon baƙin mai ya doka shi da guduma ya shiga, ya mayar, ya zura bututu a sifana ya ɗaure notin da iya ƙarfinsa har yana nishi, sannan ya sauke mota. Awa biyu bai cika ba. Ni kuwa har da ƙara masa na shan ruwa dan naga yayi sauri. Abu ɗaya na lura dashi ban kuma ɗauke shi komai ba, gaban motar ya ɗan ɗaga sama fiye da yadda na saba ganinsa, nace a raina ai sabuwar roba ce.

Wata uku bata rufa ba ƙarar ta dawo, har tafi ta da. Na leƙa ƙasa da tocilan naga robar ta yage ta leƙo waje kamar harshe. Ban yi wata-wata ba na wuce shagon da na sayi kayan, na ajiye masa a kan kanta gaban mutane nace ka sayar min da jabu, kun mayar da rayukan mutane abin wasa, na faɗi maganganun da yanzu in na tuna kunya ke kamani. Bawan Allahn nan yace Alhaji wallahi kayan nan masu kyau ne, nace riƙe wallahinka.

Zagaye na biyu kuma wani abokina direba ne ya bani shawara, yace kai ma ka cika son wahala, kaje a yanka maka na taya, ai robar tayar babbar mota ko jikanka sai ya gaji da ita. Naje aka yanka, ana fere ta da wuƙa kamar ana fere rogo, aka huda tsakiya aka cusa. Gaskiya ƙwas-ƙwas ɗin ya ɗauke na ɗan lokaci, sai dai motar ta koma amalanke, duk tsakuwar da taya ta taka sai naji ta a haƙorina, kuma bayan 'yan makonni ramin tsakiyar ya buɗe ya zama kamar ƙwai saboda ba abinda ya riƙe ƙarfen ciki da robar, yana ta cinta ne kawai. Ban ce robar taya bata da ranarta ba, in ka lalace a daji tsakanin Birnin Gwari da Tegina zata kawo ka gida kuma ka gode wa wanda ya yanka maka, amma a ce ita ce gyara na dindindin a hannun da ke riƙe da tayar gaba, a'a.

Sai mahaifiyata ce ma ta tuna min, tace wai ina tsohon nan da ke duba wa babanku motar, yana nan da rai ai. Na neme shi na same shi, ya tsufa sosai, ya bar aiki sai dai ya zauna kan benci a garejin da yaransa ke riƙe da shi yanzu yana nuna musu da sanda. Tun zamanin 404 yake kwance ƙafar Fijo. Yana ganin motar ya gane ta kafin ya gane ni, ya shafa bonet ɗin yayi wa mahaifina addu'a. Allah ya sa ban yar da bushin farko da ya yage ba, suna cikin but, na miƙa masa ina cewa Baba ka ga irin jabun da ake sayar mana yanzu. Ya juya shi a hannu, ya kai kusa da ido, ya sa farce ya buɗa yagewar, ya karɓi ɗayan ma ya duba, sai yace ɗana wannan roba ba ita ta cuce ka ba, wanda ya ɗaure ta ne, a sama ya ɗaure ko? Nace a sama kamar yaya Baba? Yace mota na kan jak taya na lilo. Nace ƙwarai haka akayi. Yace to shikenan, tun ranar aka yanka ta, wata ukun da tayi ma tayi ƙoƙari.

Ga yadda ya fahimtar dani, kuma shine dalilin wannan wasiƙa. Shi bushin irin wannan ba juyawa yake a kan kusa kamar taya a kan gindinta ba. Akwai ɗan bututun ƙarfe a tsakiya, roba ta manne da shi, ta waje kuma tana riƙe a cikin hannun. In ka ɗaure noti, bututun tsakiyar nan ya kafe kenan baya motsi, to duk hawa da saukar da taya keyi robar ce ke murɗewa tana dawowa. Baba ya ciro hankicinsa ya riƙe da hannu biyu yace ka ga wannan, in na barshi a sake zan iya murɗa shi dama in murɗa shi hagu ba abinda zai same shi, amma in na riga na murɗe shi kamar mai matse wanki sannan nace kullum a haka zai kwana a haka zai tashi, kuma duk ramin da aka faɗa a ƙara masa wata murɗar a kai, kwana nawa zai yi? To in aka ɗaure mota na sama, hannun ya rataya ƙasa, ana sauke ta nauyi ya danna hannun ya koma mazauninsa, robar ta murɗe tun motar na tsaye bata je ko'ina ba. Shi yasa ma naga gaban ya ɗaga, robar ce ke ƙoƙarin komawa inda aka ɗaure ta. Ya nuna min yagewar, duk ta zagaye ta bi gefe guda, na hagu da na dama iri ɗaya. Ga kuma baƙin man da aka shafa, wanda shi da irin wannan roba basa ga maciji, yana kumbura ta ya sa ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana.

Kwana biyu mukayi a aikin da yaron can yayi a awa biyu, rana ta farko ma ba'a kwance komai ba, kananzir kawai aka zuba wa notuna aka barsu suka sha saboda tsatsa. Kafin a ɗaga motar ya sa aka ɗauko tef aka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi aka rubuta a bango da gawayi. Da aka ɗaga kuma bai yarda da jak kaɗai ba balle dutse, sai da aka kawo ƙafafun ƙarfe aka tokare ta, ya sa aka girgiza motar da ƙarfi ya ga bata motsa ba sannan ya bar yaro ya shiga ƙasa. Gefe ɗaya aka fara aka bar ɗayan a haɗe, wai in an manta yadda wani wosha yake zaune sai a leƙa can a gani. Ita 504 lowa am ɗinta hannu biyu ne, babba da ya taho daga tsakiyar mota zuwa taya, da ƙarami da ya tokare shi ta gaba dan kada taya ta ja baya in an taka birki, a mahaɗarsu akwai robobi biyu masu siffar mazurari, kuma nawa sun mutu murus, abinda yasa motar ke fizgewa kenan, yaron farko ko kallonsu bai yi ba. Wani sauƙi da Fijo ke da shi, sifirin ɗinta a jikin shokazoba yake a ɗaure, dan haka zaka cire hannun ba tare da ka taɓa shi ba. Baba ya ja kunnen yaransa a nan, yace kada wanda ya ɗauki wannan ya kai kan tsohuwar Marsandi 200 ko 230, ita sifirin a kan hannun yake zaune da nauyin mota a kansa, in ka kwance ba tare da ka matse shi da abin matsewa ba zai iya fitowa ya kashe mutum.

Wajen cire tsohon ba wuta ba guduma. Bayis aka sa, wato abin matse ƙarfen nan na kan tebur, soket babba a gefe ɗaya wanda bushin zai faɗa ciki, ƙarami a ɗaya gefen yana tura shi, ana juyawa a hankali har ya fito da wata 'yar ƙara. Yace wuta tana taɓa lafiyar ƙarfe, kuma hannun mota irin wannan in ya lalace ba shiga kasuwa zakayi ka ɗauko wani ba. Guda ɗaya ya ƙi fita saboda tsatsa ta haɗe shi da hannun, sai aka zura zarto ta cikin ramin aka yanka shi a hankali ana yi ana dubawa kada a ci jikin hannun, yana tsagewa ya saki. Aka goge ramin da samfefa har yayi ƙyalli, aka duba ko akwai tsaga ko lanƙwasa. Sabbin kuwa a kasuwar Fanteka muka samo na 504 mai ƙofa huɗu, Baba ya gwada su da tsofaffin ya ga sun zo ɗaya, kuma kafin ya yarda a biya sai da ya lanƙwasa kowace roba ya duba ta a rana, yace ko ta asali ce in ta shekara ashirin a kan kanta tana shan zafi ta riga ta tsufa a kwali. Da ruwan sabulu aka shigar da su, shi yana bushewa ya barta ta kama. Giris ɗan kaɗan a jikin kusar kawai inda zata ratsa bututun ƙarfe, dan wanda zai kwance nan gaba kada ya zage mu.

To sai wurin da ake yinta. Aka mayar da komai, boljon, wato mahaɗar hannun da gindin taya, da sauran mahaɗai irin su linkej duk aka haɗa, amma notunan bushin aka barsu da ɗaurin hannu kawai. Aka sa taya aka sauke mota, aka tura ta gaba aka dawo da ita baya sau uku, yara biyu suka danna gabanta suka saki, suka sake, har ta zauna daram, aka auna da tef aka ga ya yi kusa da abinda ke rubuce a bango, sannan aka tura ta kan rami aka shiga ƙasa aka ɗaure tana tsaye da ƙafafunta. Baba da kansa ya sauka ramin nan ana riƙe da shi, ya ciro wata tsohuwar sifana daga cikin tsumma, irin mai yin ƙas in ɗauri ya kai, yace bututu a kan sifana ba ƙarfi bane, rashin sanin inda za'a tsaya ne. Daga nan ya ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba ya daidaita tarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, dan mu iya kaiwa wurin alaimin, wato saita tayoyi, ba tare da mun ci taya ba, yace kuma dole aje, duk wanda ya canza bushin bai yi alaimin ba rabin aiki yayi.

Yau wata goma sha ɗaya kenan, na je Kano na dawo, na je Jos na dawo, ko ƙis. Sitiyari ya nutsu, in na shiga kwana motar tana bin hannuna kamar yadda na santa ina yaro a kujerar baya, birki kuma tana tsayawa a miƙe.

Ɗana da ke jami'a ya nuna min a intanet wasu bushin masu launi ja da shuɗi da Turawa masu irin waɗannan tsofaffin motoci ke sawa, na wata roba mai tauri, yace Baba mu yi oda. Na kai wa tsohon maganar. Ashe ya sansu, yace su juyawa suke a kan bututun, shi yasa suke son nasu man na musamman, kuma sunfi tauri, masu tsere a kan lafiyayyar kwalta suna jin daɗinsu. Amma mu da ƙurar hunturu zata shiga ta haɗu da man nan ta zama kamar samfefa, ga ramukan da muke faɗawa, duk dukan da roba bata shanye ba bodi ne zai sha, bodin da ya haura shekara hamsin. Na bar maganar a nan.

Malam Edita ba wai ina cewa babu jabu a kasuwa ba, akwai, har da wanda zaka murza da yatsa baƙi ya biyo ka. Amma tunda na gane wannan abu nake lura, duk garejin da na wuce naga ana aikin ƙafa sai na ɗan tsaya, kuma wallahi mafi yawa a sama suke ɗaurewa, ko Golf ce ko Corolla ko Sharon ɗin haya, dan wannan doka ba ta Fijo kaɗai bace, duk bushin roba mai murɗawa haka yake. Direbobin haya suna ta canzawa suna tsine wa 'yan kasuwa da ƙasar da aka ƙero kayan, alhali wani lokacin a gabansu aka kashe robar suna tsaye suna cewa oga yi sauri inada lodi. Mu masu mota muna da namu laifin, mu ke tsayawa a kan yaro kamar masu bin bashi, mu ke yanke kuɗin aiki har ya zama in bai gama mota biyar a rana ba bazai ci abinci ba. Kuma yawancin garejinmu ba rami, yaro bazai iya kutsawa ƙarƙashin mota tana ƙasa ba. Amma ko wannan da maganinsa, Baba yace in ba rami sai a sa jak a ƙarƙashin hannun kusa da boljon a ɗaga shi har awon nan na tef ya dawo daidai sannan a ɗaure, ko a hau da tayoyin kan katako masu kauri a samu wurin shiga. Minti goma ne ƙari. Ba wanda ya taɓa gaya wa yaran ne kawai, wanda ya koya musu ma haka yaga anayi.

Na koma shagon mai kayan nan na bashi haƙuri a gaban maƙwabtansa tunda a gabansu na ci masa fuska, yayi dariya yace Alhaji ba komai mun saba, har ya sa aka kawo min lemo, ni dai ban iya shanyewa ba.

Roƙona gare ku shine ku buɗe ɗan shafi ko sau ɗaya a wata, ku riƙa aika wakilinku wurin irin waɗannan tsofaffin kanikawa a Kaduna da Kano da Zariya da Gusau har Maradi da Damagaram, a zauna dasu a rubuta abinda suka sani da Hausa yadda yaran gareji zasu karanta ko a karanta musu, dan littattafan gyaran nan duk da Turanci ko Faransanci suke. Shi wannan Baba idonsa ya fara rauni, da yatsa yake gane yawancin abubuwa yanzu, in kuna so ni zan raka wakilinku har inda yake, da safe ake samunsa kafin rana tayi zafi.

Sannan dan Allah in akwai mai karatu da ke da mataccen 504 mai ƙofa biyu a bayan gida ko a wani tsohon gareji, ina neman gilashin fitilar gaba na ciki ta hannun dama, nawa ya tsage tun bara, a sanar ta hannun Edita.

Naku,
Mai karanta ku kullum,
daga Tudun Wada, Kaduna.